Kama da Wane Ba Ta Wane: Tagwayen Kalmomi a Harshen Turanci

Tun zamanin da malaman lugga suka gane cewa babu inda ƙafar ɗalibi ta fi saurin zamewa kamar wurin da kalmomi biyu suka kusanci juna a lafazi, alhali kuwa tsakanin ma'anoninsu akwai nisa mai yawa. Wannan ne ya sa wani malamin Basra da ake yi wa laƙabi da Kuɗrubu, wanda ya rasu a shekara ta 206 bayan Hijira, almajirin Sibawaihi, ya zauna ya tattara kalmomin Larabci waɗanda baƙaƙensu ɗaya ne, wasali guda kaɗai ya raba su gida uku. Daga baya aka mayar da aikin nasa waƙa domin sauƙin hadda, har yau kuma ana jan ta a zaurukanmu da sunan Musallasu. Duk wanda ya karance ta ya san cewa kalam da fataha magana ce, kilam da kisira raunuka ne, kulam kuwa da rufu'a ƙasa ce mai tauri, kuma daga ranar ba ya ƙara raina wasali.

Harshen Turanci, wanda a yau shi ne na jarrabawa da ofis da kotu da takardar likita a Nijeriya da Gana, cike yake da irin waɗannan tagwayen kalmomi, har ma lamarinsa ya fi rikitarwa, domin a Larabci idan wasali ya sauya kunne yakan ji, amma a Turanci sau da yawa lafazin kalmomin biyu ɗaya ne tak, ba ragi ba ƙari, sai a rubuce ake ganin inda suka rabu. Wanda ya ji an ce “right” ba shi da hanyar sanin ko dama ake nufi, ko daidai, ko haƙƙi, ko kuwa “write” ce ta rubutu, ko “rite” ta ibada da al'ada, har sai ya saurari abin da ya gabace ta da abin da ya biyo bayanta. Kamar yadda shari'a take neman shaidu biyu adilai a galibin hukunce-hukunce, haka kalmar Turanci ba ta tabbata da shaidar kunne kaɗai, sai an haɗa da ta rubutu, ko ta siyaƙin maganar da kalmar ta faɗo a ciki.

Tarihi ne ya haifi wannan matsala. Turancin Ingila na yau yana da sautuka wajen 44, kimanin 20 daga cikinsu wasula, amma haruffan rubuta su 26 ne kacal, biyar kuma su ne na wasali. Bayan wannan ƙaranci, sai rubutun ya zo ya daskare a daidai lokacin da furuci yake tsakiyar sauyawa. William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster, cikin 1476, tun daga nan kuma masu ɗab'i suka yi ta tsayar da siffar kalmomi a hankali, alhali bakunan jama'a ba su tsaya jiran kowa ba. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta gusawa daga mafitarsu, ɗaya na bin wani, lamarin da masanin harsuna ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, ya raɗa wa suna babban gushin wasula. A da “meet” ta haɗuwa da “meat” ta nama wasali biyu ne mabambanta, shi ya sa aka rubuta ɗaya da ee, ɗaya da ea. Da tafiya ta yi nisa sai wasulan biyu suka narke suka zama guda, suka ja “see” da “sea”, “week” da “weak”, “steel” da “steal”, duk suka koma lafazi ɗaya. Kalmomi kaɗan suka ƙi bin ayari, watau “great” da “break” da “steak”, amma ƙin nasu bai fisshe su ba, don kuwa sun je sun yi karo da “grate” da “brake” da “stake”.

Baƙaƙe ma ba su tsira ba. A zamanin mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, mutumin Landan idan zai ce “knight”, watau barde mahayin doki wanda sarki ya ɗaukaka, yakan furta k na farko sarai, ya kuma furta gh na tsakiya da wani sauti mai kusa da ha mai ruwa ta Larabci. Sai gh ya fara mutuwa a baki, k ya bi shi cikin ƙarni na 17, aka wayi gari barde da dare, watau “night”, sun zama abu guda a kunne. Ta wannan hanya ce “know” ta sani ta haɗu da “no” ta musu, “knot” ta ƙulli ta haɗu da “not” ta korewa, “knead” ta kwaɓa ƙullu ta haɗu da “need” ta bukata. Haruffan nan da yara suke yi wa ƙorafi a aji, wai an rubuta su amma an hana a karanta, sautuka ne da kakannin Turawa suka furta da bakinsu, alƙalami ya riƙe su bayan harshe ya yar.

Mutane da dama, har cikin Turawan kansu, sun sha yin kira a gyara rubutun ya dace da furuci. Marubucin wasan kwaikwayo George Bernard Shaw, wanda ya rasu a 1950, har wasiyya ya bari a kashe wani kaso na dukiyarsa wajen ƙirƙiro sababbin haruffa, an kuwa ƙirƙiro su, sai dai jama'a ba su karɓa ba. Ni a ganina gara da haka, domin da an bi shawarar, da mai karatu ya yi asarar hujjar da ta fi kowace amfani gare shi. Mu kuwa Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan, tun da yake muna fama da kishiyar matsalar a namu rubutun boko, wanda ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo, wuya ta wahala da wuya na rataya laya, kuka na hawaye da kuka ta miya, duk siffa ɗaya suke da ita a takarda, bakin Bahaushe ne kaɗai yake raba su. Ajami ya fi boko adalci ta wannan fuska, domin yana sa alif ya ja wasalin garin tuwo, ko da yake shi ma bai san karin sauti ba, sai manyan ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 suke ɗaukar wannan wahala. Turanci ma yana da ɗan rabonsa na irin tamu, don “tear” guda ce a rubuce ko hawaye ake nufi ko yagewa, haka “lead” ko ja-gora ko darma, haka “minute” ko minti ko ɗan mitsitsin abu.

Akwai kuma wani jinsi na tagwaye waɗanda kamarsu ta gado ce, asalinsu ɗaya. Bayan da Normawa, masu magana da wani karin Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a wajen shekara 300, har sai da aka yi doka a 1362 cewa a riƙa yin ƙara da Turanci, Latin kuwa shi ne harshen coci da na malamai; ta waɗannan ƙofofi biyu dubban kalmomi suka kwararo, wata ta shigo sau biyu, wata kuma ta shigo sau ɗaya ta rabe daga baya. “Flower” ta fure da “flour” ta garin alkama kalma ɗaya ce a asali, domin ana kiran lallausan garin da aka tankaɗe furen alkama, watau mafi kyawunta, kuma har a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 siffa guda aka ba ma'anonin biyu. Labarin “stationary” da “stationery” ya fi wannan daɗi. Ta farko, mai a, tana nufin abin da yake tsaye ba ya motsi, kamar motar da aka ajiye a gefen hanya. Ta biyu, mai e, tana nufin kayan rubutu, takarda da ambulan da tawada. Abin da ya haɗa su shi ne cewa a zamanin da galibin 'yan kasuwa masu yawo ne da kaya, mai sayar da littattafai kuwa yana da rumfarsa tsayayya kusa da jami'a ko coci, sai aka kira shi “stationer”, watau mai mazauni, hajarsa kuma ta ɗauki sunansa.

Inda ma'aikatan ofis suka fi shan wuya shi ne kalmomin Latin masu kama da juna, waɗanda da yawansu saiwarsu ɗaya, ɗan ɗafa-goshi ne kawai ya bambanta su. Al'adar Turanci ce ya ɗora nauyi a kan gaɓa guda ta kalma ya haɗiye wasulan sauran, saboda haka a bakin mai sauri “accept” da “except” kusan ɗaya suke, alhali ta farko karɓa ce, ta biyu togewa ce, abin da malaman nahawu suke kira istisna'i; wanda ya rubuta ɗaya a gurbin ɗaya cikin takardar yarjejeniya ya fitar da abin da ya yi nufin shigarwa. Haka “affect” da “effect”: ta farko galibi aikatau ce, yin tasiri a kan abu, ta biyu galibi suna ce, sakamakon da tasirin ya haifar, ko da yake, don a ƙara wa ɗalibi wahala, ana iya mayar da ta biyun aikatau da ma'anar zartarwa. “Elicit” tatso bayani ne daga bakin mutum, “illicit” kuwa abin da doka ta haramta. “Eminent” siffar mashahurin mutum ce, “imminent” ta abin da yake dab da aukuwa. “Prosecute” gurfanar da mutum ne gaban alƙali bisa doka, “persecute” ƙuntata masa ne bisa zalunci, kuma ɗan jaridar da ya musanya su ya yanke wa gwamnati hukunci ba da niyya ba. “Council” majalisa ce, daga gare ta muka samo kansila, “counsel” kuwa nasiha ce, ko lauyan da yake tsaya wa mutum a kotu, kuma waɗannan biyu tun a tsakiyar zamanai Turawa da kansu suke cakuɗa su. “Principal” shugaban makaranta ne, ko uwar kuɗi kafin a ɗora ruwa, “principle” kuwa ƙa'ida ce ko aƙidar da mutum ya tsayu a kai.

A nan akwai wata 'yar ƙa'ida mai amfani, wadda ba kasafai ake samun irinta a wannan harshe ba. A Turancin Ingila, wanda shi makarantunmu suka gada, c ta suna ce, s ta aikatau: “advice” shawara, “advise” ba da shawara, “practice” aikin da aka saba, “practise” aikata shi, “licence” lasisi, “license” bayar da shi. Amma Amurkawa, waɗanda Noah Webster ya shimfiɗa musu tasu hanya da ƙamus ɗinsa na 1828, sun bar rabon a ta farko kaɗai, suna rubuta “practice” da “license” ko suna ko aikatau, wanda kuma yake karanta rubutun ɓangarorin biyu a wayarsa kullum ba abin mamaki ba ne in ya rasa wanne ne nasa.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙin harshe ne kawai suke tuntuɓe. 'Yan gida ma suna yi, a wasu wuraren har sun fi mu, domin su da kunne suka fara koyo tun suna goye, mu kuwa da ido muka fara, a kan allo; shi ya sa cakuɗa “their” da “there” da “they're”, ko “its” da “it's”, ya yi yawa ƙwarai a rubutun 'yan Ingila da Amurka. Sun ma daɗe suna yi wa kansu dariya a kai, don a wasan kwaikwayon da Richard Sheridan ya fitar a 1775 akwai wata tsohuwa mai son a ce ta iya magana, Uwargida Malaprop, wadda kullum take ɗauko babbar kalma mai kama da wadda take nufi, ta so ta ce ƙololuwa sai ta ce abarba, har sunanta ya zama sunan wannan irin kuskure. Bugu da ƙari, tagwaitakar kanta tana bin ƙasa: a kudancin Ingila, inda ba a furta r bayan wasali, “court” da “caught” ɗaya ne, haka “father” da “farther”, haka “formally” da “formerly”, amma galibin Amurkawa suna raba su, su kuma Amurkawan “latter” da “ladder” ne suke haɗe musu, mutanen Sikotlan kuwa da yawansu har yanzu suna bambanta “which” da “witch”.

Sai dai akwai wasu tagwayen da Bature bai san da su ba, kunnenmu ne ya haife su, kuma su ne suka fi cancantar mu tsaya a kansu. Hausa ba ta raba p da f, dalilin da ya sa muka ari fensir da famfo da fasinja da firamare duk da f. Ba ta da v, shi ya sa muka ce direba. Saboda haka “pan” da “fan”, “paint” da “faint”, “vote” da “boat”, suna kusantar juna a bakinmu, kuma ba banza ba kofi na shan ruwa da kofi na gahawa suka zama kalma ɗaya a Hausa, alhali “cup” da “coffee” ba su haɗa komai ba a wurin mai harshen. Wata illar ta fi wannan ɓuya. Bahaushe gwani ne wajen jin dogon wasali da gajere, amma a ƙa'idar harshensa dogon wasali ba ya zama a gaɓar da baƙi ya rufe. Wasalin ƙarshen gida dogo ne, amma da zarar an ce gidan sarki sai ya gajarce, ba tare da mai magana ya sani ba. Wannan ɗabi'a ce muke ɗauka mu kai Turanci, sai “sheep” ta tunkiya ta koma “ship” ta jirgin ruwa, “leave” ta tafiya ta koma “live” ta zama, “seat” ta koma “sit”. Idan kuwa illolin biyu suka taru a wuri guda, sai kalmomi huɗu, “pull” ta ja, “pool” ta tafki, “full” ta cika, da “fool” ta wawa, su fito da lafazi ɗaya, mai magana ya yi nufin gaya wa baƙonsa ya ƙoshi ya ɓuge da zagin kansa. Game da th kuwa, mu mukan mayar da shi s ko z, kamar yadda muka yi wa Larabci a hadisi da zikiri, 'yan Kudu su mayar da shi t ko d, kowa kuma yana yi wa ɗan'uwansa dariya. “Think” ta tunani ta zama “sink” ta nitsewa, “faith” ta imani ta zama “face” ta fuska. Abin ban takaici a nan shi ne duk wanda ya yi tajwidi ya riga ya mallaki sautukan nan biyu, domin su ne mafitar harafi na huɗu da na tara a jerin haruffan Larabci, kan harshe a gefen haƙoran gaba na sama, amma da wuya ka ji malamin Turanci ya gaya wa ɗalibansa haka.

Mai yiwuwa wani ya ce duk wannan ƙaƙale ne na malaman makaranta, tun da yake a hira ta yau da kullum siyaƙi yakan warware kusan kome, kuma gaskiyarsa, babu wanda zai ji an ce an yanka “ship” ranar Layya ya zaci jirgi. Amma akwai wuraren da siyaƙi ba ya taimako, watau lambobi da sunayen magunguna, a nan ne kuma kuskure yake cin rai. Ranar 19 ga Fabrairu 1989 wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 ya taso daga Singafo ya nufi Kuala Lumpur. Mai ba da umarni daga ƙasa ya ce wa matuƙa su sauko, ya ambaci “two four zero zero”, yana nufin ƙafa 2,400, su kuwa suka ji “to four zero zero”, watau zuwa ƙafa 400, jirgin ya daki tudu kafin ya kai fili, mutum huɗun da ke ciki duk suka mutu. Saboda gudun irin wannan ruɗani ne ƙa'idar magana ta rediyon jiragen sama ta sauya wa wasu lambobi lafazi da gangan, ana cewa “niner” a maimakon “nine” don kada ta yi kama da “five”. A asibiti “hyper” yawa ne fiye da kima, “hypo” ƙaranci ne, kuma mai ciwon sukarin da sukarinsa ya faɗi, idan aka ɗauka hawa ya yi aka ƙara masa allura, an jefa shi cikin halaka. A Amurka, cikin 1990, sai da aka sauya wa maganin gyambon ciki mai suna Losec suna zuwa Prilosec, domin ana rikita shi da Lasix, maganin da yake sa fitsari don rage ruwa a jiki. Ko a kasuwa da banki, wanda bai ɗora nauyi a gaɓar ƙarshe ta “fifteen” ba yana iya biyan “fifty”.

Kwamfuta da wayar hannu ba za su fid da mu ba, domin abin da suka fi iyawa shi ne ja wa kalmar da babu ita a ƙamus jan layi, tagwayen nan kuwa kowacce halattacciya ce, tana da gurbinta. Mai neman aiki zai rubuta “loose” ta sako-sako a wurin “lose” ta asara, ko “quite” a wurin “quiet”, ko ya aika takarda ga “personal manager” alhali “personnel” yake nufi, sau da yawa kuma na'urar ta bar shi ya wuce. Haddace dogon jeri na kalmomi biyu-biyu ana gobe jarrabawa shi ma fa'idarsa kaɗan ce, bal ma yakan ƙara ruɗani, domin yana ɗaure kalmomin biyu wuri guda a ƙwaƙwalwa, alhali abin da ake nema shi ne kowacce ta zauna cikin tata jimla, tare da maƙwabtan da ta saba tafiya da su. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana da takarda ta musamman kan furuci, amma a Nijeriya ba da baki ake amsa ta ba, ɗalibi yana iya cinye ta sarai bai taɓa jin bambancin “ship” da “sheep” daga bakin kowa ba.

Don haka roƙona ga malaman firamare da na sakandare shi ne su dawo da shifta, wadda makarantu da yawa suka yi watsi da ita, su riƙa yin ta ko da sau biyu ne a mako, da cikakkun jimloli, malami ya karanta da ƙarfi, yara su rubuta, sa'an nan kowane yaro ya miƙe ya karanta abin da ya rubuta a ji. Iyaye kuma, wanda yake da hali, ya saya wa ɗansa ƙamus mai nuna furuci da misalan jimla, ya kuma zauna ya ga ana buɗe shi.